Abin da ido da hannu ke gani kafin a je ɗakin gwaji

Makonni biyu da suka wuce wasu ɗalibai shida daga kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, waɗanda aka turo wurinmu a nan Gusau domin koyon aiki, suka roƙe ni in zauna da su mu yi bitar cututtukan da aka fi gani da alamominsu, saboda jarrabawarsu ta ƙarshe ta matso. Na amsa musu, muka zauna bayan La'asar a kan bencin da marasa lafiya ke jira da safe, kowannensu riƙe da takardun da ya haddace, inda aka jera kowace cuta da alamominta a ƙarƙashinta kamar lissafin kayan lefe. Kafin su fara karanto mini abin da suka haddace, sai na ce su ajiye takardun, na yi musu tambaya guda: an kawo muku yaro ɗan shekara biyu, jikinsa da zafi kwana uku, ba ya cin abinci, me ke damunsa? Su shidan suka haɗa baki suka ce zazzaɓin cizon sauro. Na ce to, sau nawa yake numfashi a minti ɗaya? Sai wurin ya yi tsit, domin babu wanda ya yi tunanin tambayar wannan kafin ya raɗa wa cutar suna.

Ban ga laifinsu ba, domin a ƙasarmu wanda ya ce maleriya ya fi kusa da dacewa fiye da wanda ya faɗi wani abu dabam. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kuma binciken ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa a maƙwabciyarmu Kebbi kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wato kashi 49 cikin 100, suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, abin da ya sa jihar ta kasance ɗaya daga cikin biyun da aka fara ba da rigakafin maleriya a cikinsu a watan Disamba na 2024, ita da Bayelsa. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin yara daga Agusta zuwa Oktoba ya san yadda gado ke ƙarewa har a koma shimfiɗa tabarma. Amma wannan yawan nasa shi ne kuma tarkonsa. Inda rabin yara ke yawo da ƙwayar cuta a jini, ɗan gwajin nan na tsinke da ke ba da amsa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin zai iya nuna layi biyu alhali abin da ke neman ran yaron yana cikin huhunsa ko cikin kansa. Gwajin ya faɗi gaskiya, sai dai ya amsa tambayar da aka yi masa ce kawai.

Abin da na fi so ɗalibi ya riƙe game da maleriya shi ne yadda zai gane ta tsananta, domin a nan ne ƙwaya ba ta wadatarwa, sai allurar atesunet da gaggawar turawa babban asibiti. Yaron da ya kasa zama da kansa alhali da yana iyawa, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi taune-taune, ko ake tashinsa ba ya farkawa sosai, ko fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi mai kauri, wannan ba na komawa gida ba ne. Sannan a buɗe tafin hannunsa a ɗora kusa da na uwarsa, a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba. Idan tafin ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa ƙwarai, kuma sau da yawa ƙarancin jinin ne ke kashewa kafin zazzaɓin.

Tambayar numfashi da na yi musu tana da tarihi a wurina. A shekarata ta biyu da fara aiki, a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba, wata mata ta kawo mini ɗanta ɗan wata tara ranar kasuwa, layi ya kai bakin ƙofa. Yana goye a bayanta, ta ce, "Likita, masassara ce, kwana ukku ke nan." Na kai hannu na taɓa goshinsa daga inda nake zaune, na ji zafi, na rubuta maganin zazzaɓin sauro, na ce, "Allah Ya sawwaƙe, a kira na gaba." Ban sa ta kwance goyon ba. Washegari da hantsi suka dawo da kakar yaron, kuma tun daga bakin ƙofa nake jin gurnanin numfashinsa. Da tsohuwar ta kwantar da shi a cinyarta ta ɗage 'yar rigarsa, sai na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, leɓɓansa sun dushe. Na cire agogona na ƙirga, na samu sittin da takwas. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗana, jiya ma haka yake yi, kai ne ba ka duba ba." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka yi masa allurar farko, muka samo mota zuwa babban asibiti, Allah Ya sa yana da sauran kwana. Tun daga ranar ban ƙara rubuta wa yaro magani yana goye ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sharaɗin shi ne yaron ya kasance a natse, ba yana kuka ba, kuma a cika minti ɗaya cur ana ƙirgawa, domin numfashin jarirai yana sauri yana tsayawa, wanda ya ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar ya ninka sau huɗu yana iya yaudarar kansa. Tari da saurin numfashi ciwon huhu ne har sai an tabbatar da akasin haka, maganinsa na farko kuwa amoksisilin ne, mai araha, wanda ke kusan kowane kemis. Ɗalibai suna ɗokin rataya abin sauraren ƙirji a wuya domin a ce musu likita, amma a wannan ciwo agogo da ido sun fi shi amfani a hannun sabon ma'aikaci.

Taifot kuwa ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. An mayar da "maleriya da taifot" tamkar tagwayen da ba sa rabuwa, har mara lafiya kan shigo da sakamakonsa a hannu yana faɗa maka abin da za ka rubuta masa. Gwajin jini na Widal da ake dogara da shi wajen gano taifot yana nuna alama ga mutane da yawa da suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya, ko ma suke fama da wani zazzaɓi dabam, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Taifot na gaskiya yana zuwa da zazzaɓin da ke hawa a hankali ya wuce mako, da ciwon kai, da ciwon ciki, da kasala mai nauyi, kuma abin tsoronsa shi ne hujewar hanji wajen mako na uku, lokacin da ciki zai ɗaure ya yi tauri kamar allo, mara lafiya ya ƙi yarda a taɓa shi. Wannan aikin tiyata ne, kuma duk daren da aka ƙara ana jiran ƙarin ruwa ya yi aiki, asara ce.

Da muka zo kan sanƙarau sai na lura ɗaliban sun gyara zama, saboda biyu daga cikinsu suna makarantar firamare lokacin annobar da ta faro a jihar nan a ƙarshen 2016 ta kai tsakiyar 2017, kuma suna tuna yadda aka yi ta rufe mutane. A faɗin ƙasa an lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara ce kuma ta fi kowace jiha jin jiki. Nau'in ƙwayar cutar da ake kira C ne ya yi wannan ɓarna, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a tun daga 2011 na nau'in A ne, shi ya sa bai tare ta ba. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar. Lokacinsa sananne ne, daga hunturu zuwa tsakiyar bazara, sa'ad da ƙura da bushewar iska ke raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna cunkushe a ɗaki. Babba zai zo da zazzaɓi na farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da ƙin haske, idan kuma ka kwantar da shi rigingine ka sa hannu a ƙeyarsa ka ɗaga, haɓarsa ba za ta taɓa ƙirjinsa ba. Amma jariri ba ya bin wannan tsari, wuyansa na iya zama laƙwas alhali cutar ta ci ƙarfinsa. A wurinsa maɗiga ake dubawa: idan ta kumbura ta yi tauri yana zaune ba ya kuka, ga ƙin nono, ga wani irin kuka mai tsini, to kada a jira komai. Na gaya musu cewa maɗigar nan ita ce taga guda da Allah Ya bar mana a jikin jariri, ta kumbura ta ba da labarin kai, ta faɗa ciki ta ba da labarin ƙarancin ruwa.

Akwai darasin da babu littafin koyarwa da ya zo mana da shi, jihar nan ce ta koya wa duniya shi da rayukan 'ya'yanta. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Suna zuwa da amai, da ciwon ciki, da taune-taune, da suma, alamomin da kowane ma'aikaci zai karanta a matsayin maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, kuma haka aka yi ta yi musu magani ba sa tashi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗauki jini aka aika gwaji, amsa ta dawo cewa gubar dalma ce. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, suna daka su a turmi, suna niƙa su a injin niƙan hatsi, suna shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, wasunsu suka tashi da makanta ko raunin ƙwaƙwalwa. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai ga ƙauyen Bagega ba sai a 2013.

Abin da nake so ɗalibi ya ɗauka daga wannan shi ne tambayoyin da ba sa cikin jerin alamomi: daga wane gari kuke, wace sana'a ake yi a gidan, akwai wani yaron da ya yi irin wannan, ina kuke ɗibar ruwa? Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, don haka yaron da ya zo da taune-taune ba tare da zazzaɓin kirki ba, daga yankin da ake wannan aiki, dole dalma ta zo a zuciya. Haka nan yaron makaranta daga wajen Talata Mafara ko Maradun, inda ake wanka da kamun kifi a magudanan ruwan madatsar Bakolori, idan ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce kafin komai, ko da a garinsu ana ɗaukar abin a matsayin alamar balaga.

Tambayar ma tana da nata ladabi, wanda ba a koyar da shi a aji. Matashiyar uwa da ta kawo ɗan fari tare da surukarta ba za ta kama sunansa ba, ba za ta nuna ta damu ba, wani lokaci ma sai ta kau da kai ta bar tsohuwa ta yi bayani, alhali ita ce ta kwana da shi ta san sau nawa ya yi zawo. Na saba in saurari tsohuwar har ta gama, in ce, "Inna, a taimaka a karɓo mana kati a waje," sannan in juya ga uwar in yi tambayata. Sai kuma kalmomin da mutane ke zuwa da su. Wanda ya ce yana da shawara ba lallai idonsa ya yi rawaya ba, yana iya nufin kasala da ɗacin baki. Basir kuwa ya haɗa tun daga kumburin ciki har zuwa zubar jini ta dubura. Idan mutum ya ce shawara, sai in fita da shi waje, domin hasken fitilar ɗaki yana ɓoye launin, in sa ya dubi ƙasa in ɗaga fatar idonsa ta sama. Idan farin idon ya yi ruwan ɗorawa, sai a fara rarrabewa: ciwon hanta ne, ko maleriya ce ke fasa jini, ko sikila ce, musamman ga yaron da aka ce tun yana jariri yatsunsa ke kumbura yana kuka, ko kuwa wani jiƙo ne aka sha ya taɓa hanta.

A kan gudawa hannu ne ke aiki. A kama fatar ciki da yatsu biyu a ja a saki. Idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ga idanu sun zurma, yaro ya kasa sha, ruwan jikinsa ya ƙare sosai, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Wanda ke karɓar kofi da zari yana sha, ruwan gishiri da suga na leda zai wadatar da shi, leda ɗaya a lita ɗaya, tare da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu. Babban da ya zo da zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba ciwon ciki, kwalara ce, kuma tana iya gamawa da ƙato cikin sa'o'i. Wanda ya ga annobar kwalara ta daminar 2021 ba ya bukatar a yi masa bayani. Sai dai jan fata yana ruɗarwa ga yaro mai tamowa, domin fatarsa a sake take tun asali, kuma ɗura masa ruwa da sauri na iya kayar da zuciyarsa. Shi ya sa ake fara auna damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku ga yara daga wata shida zuwa shekara biyar: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Sannan a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna a duka biyun, to kumburin yunwa ne, ko da uwa tana murna ɗanta ya yi ƙiba. Da yawan waɗannan yara za ka tarar ƙyanda ce ta fara kayar da su wata ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu muke ganinsu fiye da da.

Magariba ta kusa lokacin da muka iso kan manya, don haka muka bi da sauri, ko da yake a nan ne cututtukan da ba sa sallama suke. Hawan jini ba shi da alamar da za a dogara da ita, mutum na iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 shekara da shekaru yana jin garau, ranar da zai sani ita ce ranar da baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, a ce iska ta buge shi a bayan gida. Saboda haka duk babban da ya zauna a gabanka, ko ƙaya ce ta kawo shi, ka ɗaura masa abin awo. Mai yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama, ko mai gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, a duba sugansa kafin ya karya. Awon suga na 126 (mg/dL) ko fiye, idan an maimaita an samu haka, ciwon suga ne. Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare, da wando ya fara zamewa daga ƙugu, a karɓi kakinsa a aika gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai ciki da ta wuce wata biyar ta zo da ciwon kai, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi, awon hawan jininta ne abu na farko, domin jijjiga na iya biyo baya a daren. Mai jego kuma da ta ce ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku, ƙafafu sun kumbura, tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ciwon zuciyar bayan haihuwa ne, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa har likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suna danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego, ko da yake masana na ci gaba da muhawara a kan ainihin sababinsa.

Washegari da safe na sa ɗaliban su zauna a teburin karɓar yara, ni kuma na koma gefe ina cike rajista. Wajen ƙarfe goma wata mata ta shigo da 'yarta 'yar shekara ɗaya da rabi a goye, ta ce zazzaɓi ne da ɗan tari. Ɗalibar da ke kan kujera ta ɗauki biro, ta kai shi kan takarda, sai ta ajiye, ta ce, "Yaya, don Allah kwanto ta mu gani." Ta jira yarinyar ta daina mutsu-mutsu, ta ɗage rigar, ta ɗora wayarta a kan tebur tana kallon daƙiƙu, leɓɓanta suna motsi. Da minti ya cika ta ɗago ta ce, "Malam, hamsin da huɗu, amma ƙirjin ba ya lotsawa." Gwajin tsinke ya nuna layi biyu, don haka yarinyar ta tafi gida da maganin maleriya da amoksisilin tare, da umarnin a dawo da ita bayan kwana uku, ko a daren nan idan ta ƙi nono. Sun dawo ranar Alhamis, ɗalibar ta sake ƙirgawa, ta samu talatin da shida.